Yadda masoya Charlie Chan suka yi shekaru suna jiran faifai

Duk wanda ya taɓa sayen littafi na ɗaya da na uku, ya zaga kasuwa bai samu na biyu ba, ya san ƙaiƙayin da za mu yi magana a kai wannan makon. Sai dai namu na yau a Amurka ya faru, kuma finafinai ne guda 44 na wani jami'in bincike da ake kira Charlie Chan.

Asalinsa daga littafi ne. Earl Derr Biggers ya ƙirƙiro shi a 1925 cikin The House Without a Key, a matsayin ɗan sandan ciki ɗan asalin Sin da ke aiki a birnin Honolulu. Akwai wani ɗan sanda na gaske a garin mai suna Chang Apana, wanda ya yi suna da yawo da bulala, kuma Biggers ya ce labarinsa na cikin abin da ya ja hankalinsa. Littattafai 6 kacal ya rubuta a kan Chan kafin mutuwarsa a 1933. Silima ce ta mayar da shi abin da ya zama. Kamfanin Fox ya ɗauki Warner Oland, haifaffen Siwidin, ya fito a matsayin Chan sau 16 daga 1931. Da ya mutu a 1938, Sidney Toler ya gaje shi, ya yi 11 a Fox. Fox ya daina a 1942, sai wani ƙaramin kamfani mai ƙaramin jari, Monogram, ya ɗora daga 1944: Toler ya ƙara 11, Roland Winters ya yi 6, aka rufe a 1949. Mu riƙe wannan rabuwa tsakanin kamfanoni biyu, domin ita ce ta wahalar da masoya daga baya.

Mafi yawan waɗanda suka matsa a fitar da finafinan ba su gan su a silima ba. A talabijin suka taso suna kallonsu, lokacin da tashoshin Amurka ke cike dare da ƙarshen mako da tsofaffin finafinai marasa kala. Da kaset ɗin bidiyo ya zo, kaɗan aka fitar a hukumance. Sauran kuwa sai naɗi daga talabijin, wannan ya kwafa wa wancan, hoto na ƙara dushewa da kowane kwafi. Mai son jerin finafinai ba kamar mai son fim ɗaya ba ne. Ba ya neman wanda ya fi kyau kaɗai, duka yake so, a jere, har da wanda shi kansa ya san bai yi armashi ba. Shi ya sa koken nasu bai taɓa ƙarewa da fitowar guda biyar ko shida ba.

A 2003 aka yi rikicin da ya fito da maganar fili. Tashar Fox Movie Channel ta gyara finafinan ta fara nuna su a jere. Ƙungiyoyin Amurkawa 'yan asalin Asiya suka yi ca a kanta, ta janye shirin. Masoya su ma suka yi ta aika koke, har bayan 'yan watanni tashar ta dawo da wasu daga ciki, tare da zaman tattaunawa a kan abin da ake ƙorafi.

Bai kamata mu wuce ƙorafin nan da sauri ba, don ba na banza ba ne. Duk mutum ukun da suka fito a matsayin Chan Turawa ne da aka shirya su su yi kama da Basine. Turancin da aka sa a bakinsa karyayye ne, ga yawan rusunawa, ga karin magana da marubutan Hollywood suka ƙaga suka jingina wa mutanen Sin. Ba a tsaya nan ba. A Charlie Chan in Egypt na 1935 akwai Stepin Fetchit, a na Monogram kuma akwai Mantan Moreland a matsayin direba Birmingham Brown, dukansu baƙar fata ne da aka ba rawar matsoracin yaron gida don a yi dariya. Mu da muke baƙar fata ba ma buƙatar a yi mana dogon bayanin yadda wannan ke sosa rai.

Masu kare finafinan su ma suna da abin faɗa. A zamanin da Basine a silimar Amurka ba ya wuce mugu irin Fu Manchu, wanda shi kansa Oland ya taɓa fitowa a matsayinsa, sai ga Chan shi ne mafi kaifin basira a ɗakin, shi ke warware abin da ya gagari 'yan sandan Turawa, ga shi uba mai kula da iyali. Keye Luke, haifaffen Sin da ya fito a matsayin babban ɗansa Lee, ya ci gaba da kare finafinan har tsufansa. A Charlie Chan at the Olympics na 1937, Lee ɗan wasan ninƙaya ne da ke wakiltar Amurka. A ƙasar Sin ma an karɓe su, har aka riƙa shirya finafinan Chan na gida a Shanghai da Hong Kong. A ganinmu kowane ɓangare ya faɗi gaskiya, kuma ɓoye finafinan ba zai amfani ko ɗaya ba, tun da mai sukar ma yana buƙatar abin da zai nuna ya ce ga abin da nake nufi.

Abin mamaki, ba Fox ne ya fara fitar da faifan DVD ba. MGM ne, a 2004, da akwati mai finafinai 6 na farkon zamanin Monogram, wato waɗanda masoya da yawa ke ɗauka a matsayin masu rauni idan aka gwada da na Fox. Ba zaɓin inganci aka yi ba. Waɗannan shidan ne suka faɗo hannun MGM bayan an yi ta saye da sayar da ɗakunan ajiyar kamfanoni, sauran na Monogram kuma suna wajen Warner. Masoya suka saya duk da haka, kuma ciniki hujja ce da kamfani ke saurin ganewa fiye da takardar koke. A 2006 Fox ya fito da akwatinsa na farko, mai ɗauke da na Landan, Faris, Masar da Shanghai. Zuwa 2008 akwatuna sun kai 5, an kammala abin da ya rage na Oland da Toler a Fox, tare da gajerun shirye-shiryen tarihi, ciki har da na Chang Apana.

Saura 11 a hannun Warner, su kuma suka fito ɗiɗɗiga-ɗiɗɗiga: 4 a 2010, wasu 4 a 2013. Ukun ƙarshe sai a 2016, ta sashen Warner Archive da aka buɗe a 2009. Dabarar wannan sashe ta cancanci marubuci ya lura da ita. Maimakon a buga dubban faifai a tura shaguna a yi ta addu'ar su ƙare, sai mai so ya yi oda sannan a buga masa. Ta haka fim ɗin da masoyansa ba su da yawa amma ba sa gajiya da tambaya ya samu hanyar fita. Daga akwatin MGM zuwa wannan, shekara 12 ke nan kafin mutum ya iya jera duk abin da ya rage a kan kantarsa.

Mun ce abin da ya rage, domin 40 ne ba 44 ba. A watan Yuli na 1937 gobara ta tashi a rumbun ajiyar Fox da ke Little Ferry a jihar New Jersey. Zaren fim na wancan zamani da sinadarin naitiret ake yinsa, idan ya ji zafi yakan kama da wuta da kansa, kuma ruwa ba ya saurin kashe shi. Yawancin abin da Fox ya yi a shekarunsa na farko ya tafi a daren. Cikin finafinan Oland biyar na farko, huɗu sun ɓata: Charlie Chan Carries On, Charlie Chan's Chance, Charlie Chan's Greatest Case da Charlie Chan's Courage. The Black Camel kaɗai ya tsira, wanda aka ɗauka a Honolulu, inda Oland ya haɗu da Apana ido da ido. Na Faris ma an daɗe ana lissafa shi cikin ɓatattu kafin a gano kwafinsa a tsohuwar ƙasar Cekoslobakiya.

Abin da ya fi jan hankalinmu a matsayinmu na masu alƙalami shi ne abin da aka yi don cike wannan giɓi. Hoton ya ƙone, amma rubutun wasan yana nan. A akwati na uku Fox ya sa 'yan wasa suka karanta rubutun Charlie Chan's Chance, aka haɗa da hotunan tsaye da suka rage, mai kallo ya riƙa ƙarasa sauran a zuciyarsa. Fim ɗin farko kuma wata al'adar farkon zamanin finafinai masu magana ce ta cece shi. A lokacin kamfanoni kan sake ɗaukar fim da wani harshe, da wasu 'yan wasa, a cikin dakunan da aka gina wa na Turanci, don kasuwar ƙasashen waje. Haka aka yi wa Charlie Chan Carries On a 1931 da Sifaniyanci, aka sa masa suna Eran Trece, Manuel Arbó ya fito a matsayin Chan. Na Turancin ya ɓata, wannan ya tsira. Shi Fox ya saka a matsayin ƙari cikin akwatin 2006, da fassarar Turanci a ƙasan hoto, kuma har yau ta cikinsa ake ganin yadda fitowar Oland ta farko ta kasance, ba tare da Oland a ciki ba.