Andrew Jonathan Nok

Andrew Jonathan Nok (an haife shi a ranar 11 ga watan Fabrairu, 1962, ya rasu a ranar 21 ga watan Nuwamba, 2017) masanin kimiyya ne ɗan Najeriya, kuma farfesa a fannin bayokemistiri a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. An san shi da bincike a kan ƙwayar cutar tiripanosoma, wadda ke haddasa ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu, musamman a kan ƙwayoyin gadonta da sinadaran da take amfani da su wajen lalata jinin dabba. Ya riƙe muƙamin kwamishina a gwamnatin Jihar Kaduna daga shekarar 2015 har zuwa rasuwarsa.

Farkon rayuwa da karatu

Asalin iyayensa garin Nok ne a ƙaramar hukumar Jaba, kudancin Jihar Kaduna, garin da sunansa ya zagaye duniya saboda tsofaffin mutum-mutumin yumɓu da aka tono a yankin. Ya yi sakandare a Kafanchan, sannan ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya samu digiri na farko a 1983, na biyu a 1988, da digirin dakta a 1993, duka a bayokemistiri. A wannan jami'a ya yi rayuwarsa ta koyarwa. Ya zama farfesa a 2003, ya kuma shugabanci Tsangayar Kimiyya da cibiyar binciken fasahar halittu ta jami'ar.

Cutar da ya yi wa hidima

Tiripanosoma halitta ce mai tantani ɗaya, ba a ganinta sai da madubin likita, kuma ƙudan tsando ne ke ɗaukarta daga jini zuwa jini. Nau'in Trypanosoma brucei gambiense shi ne ke kawo ciwon barci a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Nau'o'in T. congolense da T. vivax su ne suka fi addabar shanu, yayin da T. evansi ke kama raƙuma da dawaki, kuma shi ba ya buƙatar tsando, ƙudaje masu cizo irin su bobuwa sun ishe shi yaɗuwa.

Ƙasar Zazzau ta daɗe da sanin wannan annoba. A shekarun 1930 da 1940 gwamnatin mulkin mallaka ta share kurmin bakin rafuka a yankin Anchau, ta tayar da jama'a zuwa sababbin matsugunai, ciki har da garin Takalafiya, don raba su da tsando. A Kaduna ne kuma aka kafa cibiyar binciken cutar ta Afirka ta Yamma, wadda daga baya ta zama ta Najeriya. Ciwon barcin mutane ya ja baya ƙwarai, domin tun 2018 waɗanda ake kai rahotonsu ga Hukumar Lafiya ta Duniya ba sa kai dubu ɗaya a shekara. Sammore kuwa yana nan daram. Saniyar da ta kamu tana ramewa, nononta ya ƙafe, ta yi ɓari, ƙarshe ta mutu, kuma babban abin da ke kashe ta shi ne ƙarancin jini.

Binciken siyalides

Tambayar da Nok ya fi ba wa ƙarfi ita ce ta yaya ƙwayar cutar ke cinye jinin. Bayan kowace jar ƙwayar jini lulluɓe yake da wani sinadari dangin sukari da ake kira siyalik asid. Muddin wannan lulluɓi yana nan, jiki yana ɗaukar ƙwayar jinin a matsayin lafiyayya. In ya zube, sukarin galaktos da ke ƙarƙashinsa ya bayyana, sai ƙwayoyin shara da ke cikin hanta da saifa su ɗauke ta a matsayin tsohuwa, su haɗiye ta.

Tun farkon shekarun 1980 Farfesa King Esievo da abokan aikinsa a Tsangayar Likitan Dabbobi ta Zariya suka nuna cewa siyalik asid yana raguwa a jikin ƙwayoyin jinin shanun da suka kamu da T. vivax, daidai lokacin da ƙarancin jinin ke somawa. Sun kuma gano cewa shanun Ndama, masu jure sammore, sun fi shanu masu tozo yawan wannan sinadari. Nok ya ɗora daga nan. Shi da ɗalibansa suka tace enzayim ɗin da ke yin aikin askin, wato siyalides, daga ƙwayoyin cutar da ke yawo a cikin jini, suka auna yadda yake aiki. A 2003 shi da Emmanuel Balogun suka wallafa sakamakon gwaji a kan T. congolense, wanda ya danganta enzayim ɗin da ƙarancin jini. A wannan shekarar ya fitar da wani a kan T. evansi, daga baya aka biyo da na T. vivax. Ma'anar aikin ita ce ƙwayar cutar ba sai ta fasa ƙwayoyin jinin da kanta ba. Tana tuɓe musu riga ne kawai, jikin dabbar ya ƙarasa ɓarnar.

Daga enzayim zuwa ƙwayoyin gado

A 2005 wata tawagar masana ta ƙasa da ƙasa ta wallafa cikakken kundin gadon T. brucei, mai ɗauke da ƙwayoyin gado kimanin 9,000. Kundin ya ƙara fito da dalilin da ya sa rigakafin cutar ya gagara. Ƙwayar tana da tarin ƙwayoyin gado sama da 1,000 na sauya furotin ɗin da ke rufe jikinta, kafin garkuwar jiki ta gama sanin wannan riga ta riga ta sa wata. Don haka masu bincike suka koma neman wani sashe nata da ba ya sauyawa, kuma wanda ba za ta iya rayuwa ba tare da shi ba.

Siyalides da ɗan'uwansa tirans-siyalides suna cikin abubuwan da aka sa wa ido. Tiripanosoma ba ta iya haɗa siyalik asid da kanta, shi ya sa take amfani da tirans-siyalides ta ciro na dabbar ta manna a jikinta, abin da ke taimaka mata ta rayu a cikin hanjin tsando. Nok ya yi aiki a kan ƙwayoyin gadon da ke samar da waɗannan enzayim, da fatan a yi rigakafi na DNA da zai koya wa jiki toshe su. Ya haɗa gwiwa da ɗakin binciken Farfesa Sørge Kelm a Jami'ar Bremen ta Jamus, kuma a 2013 suka wallafa kwatancen tirans-siyalides iri huɗu na T. congolense, inda aka ga ƙarfin aikinsu ya sha bamban da juna.

Jaridu sun sha rubuta cewa ya gano ƙwayar gadon da ke haddasa ciwon barci. Wannan zuzutawa ce. Abin da aikinsa ya haska shi ne hanya ɗaya daga cikin hanyoyin da ƙwayar cutar ke yin illa, da kuma inda za a iya kai mata hari. Har yau babu allurar rigakafin sammore ko ta ciwon barci da ake amfani da ita.

Magunguna masu guba

Wani reshe na aikinsa ya shafi illar magungunan cutar ga majinyaci. A 2003 ya wallafa nazari a kan melarsofurol, fentamidin da suramin. Melarsofurol, wanda aka soma amfani da shi a 1949, yana ɗauke da arsanik, gubar da aka sani tun zamanin da. Shekaru da dama shi ne abin dogaro idan cutar ta haura ƙwaƙwalwa, amma yana jawo kumburin ƙwaƙwalwa ga kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu shan allurar, kuma kusan rabin waɗannan sukan mutu. Ta ɓangaren dabbobi, makiyaya sun fi shekara hamsin suna dogaro da Berenil da Samorin, ƙwayar cutar kuma ta soma bijire musu a wurare da yawa, musamman inda ake yin allurar ba bisa ƙa'ida ba. Wannan ne ya kai shi ga gwada sinadaran tsirrai. Tun a 1996 ya wallafa gwajin da ya nuna sinadarin tafarnuwa yana kashe tiripanosoma a ɗakin gwaji, ko da yake tsakanin irin wannan sakamako da maganin da za a ba mutum ko saniya akwai doguwar tafiya.

Kyaututtuka

A 2009 ya lashe Kyautar Kimiyya ta Najeriya da kamfanin NLNG ke ɗaukar nauyi, mai darajar dalar Amurka 50,000 a lokacin. A 2010 aka ba shi lambar yabo ta NNOM, wadda ita ce mafi girma da Najeriya ke bai wa masana. A 2013 Gidauniyar Alexander von Humboldt ta Jamus ta karrama shi da kyautar bincike. Mamba ne a Kwalejin Kimiyya ta Najeriya, kuma shi ya jagoranci cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, wadda Bankin Duniya ya tallafa aka kafa a jami'arsa.

Aikin gwamnati da rasuwa

A 2015 Gwamna Nasir El-Rufa'i ya naɗa shi Kwamishinan Lafiya na Jihar Kaduna, daga baya ya mayar da shi Ma'aikatar Ilimi, Kimiyya da Fasaha. Yana wannan kujera ce a 2017 aka yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar gwaji, gwamnati ta sanar cewa 21,780 ba su kai makin kashi 75 cikin ɗari da aka gindaya ba, ta kuma ce za ta sallame su. Ƙungiyar malamai ta NUT ta yi fatali da sakamakon, aka yi zanga-zanga a Kaduna. Ana tsakiyar wannan taƙaddama Nok ya rasu bayan jinya, a ranar 21 ga watan Nuwamba, 2017, yana da shekara 55.