Safir, shuɗin yakutu: wa ya ba shi watan Satumba?

Yau hirarmu kan dutse ce, shuɗin dutsen nan da Faransawa ke kira safir, wanda a Larabci da Hausa yake cikin dangin yakutu. Kun sha ganin tallan zobba a wayoyinku, ana cewa wanda aka haifa a watan Satumba wannan ne dutsensa, wai zai kawo masa sa'a. To, kafin wani ya zuba kuɗinsa, bari mu bi abin daga tushe.

Safir da jan yakutu uwa ɗaya uba ɗaya ne. Ma'adini guda ne mai suna korindon, haɗin alminiyom da oksijen, wanda zafi da nauyin ƙasa suka dafa can ƙarƙashi tsawon miliyoyin shekaru. In ɗan ƙarfe da titaniyom suka shiga jikinsa sai ya fito shuɗi, in kuma kromiyom ne sai ya fito ja. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs yana lamba 9, diyaman da ke lamba 10 ya fi shi. Saboda taurin nan, in ruwa ya cinye dutsen da ya haife shi, shi sai ya tsira ya kwanta cikin tsakuwar gulbi. Shi ya sa a Siri Lanka, inda aka fi shekara 2000 ana haƙarsa, har yau da kwando ake wanke tsakuwa, kamar masu wankin zinariya.

Wajen 1881 ƙasa ta zaftare a tsaunukan Kashmir, ta tone safir ɗin da har gobe ake kafa misali da shuɗinsa, amma cikin ƴan shekaru ramin ya ƙare. A 1998 aka gano shi a Ilakaka ta Madagaska, ƙaramin ƙauye ya koma gari mai dubban mahaƙa, irin tururuwar da muka gani a Jado a 2014 kan zinariya. Maƙwabtanmu ma na da shi: ana haƙo safir a tsaunin Mambila, jihar Taraba a Najeriya.

To ina maganar wata ta samo asali? Littafin Yahudawa ya ambaci duwatsu 12 a rigar ƙirjin babban limaminsu, sai marubucin tarihi Yosefus, a ƙarni na 1, ya danganta su da watanni 12 na shekara. Daga baya manyan limaman coci a Turai suka riƙa sa zoben safir, suna ɗaukar shuɗinsa alamar sama da tsarkin zuciya. Amma jerin da ake yawo da shi yanzu, wata kaza dutse kaza, ƙungiyar masu sayar da kayan ƙawa ta Amurka ce ta tsara shi a 1912. Wato ƴan kasuwa ne suka zauna suka tabbatar wa safir Satumba. Zoben baikon Gimbiya Diana na 1981 kuma ya ƙara masa farin jini a duniya.

Ga inda za a yi hattara. Tun 1902 wani masanin Faransa, Ogust Bernoy, ya bayyana dabarar narka garin alminiya da wuta a samu yakutu, ba a jima ba aka yi safir ta wannan hanya. Na ma'aikata da na ƙasa sinadarinsu ɗaya, ido kaɗai ba ya raba su, sai gwani da kayan awo, amma farashinsu ba ya ko kusa. Wani ma kwalba ce zalla aka rina.

Don haka ƴan uwa, wanda ke son safir don kyansa ya saya, ado ba laifi ba ne. Amma ya tambayi inda aka haƙo shi, ya nemi takardar awo, kar ya biya kuɗin na ƙasa a ba shi kwalba. Sa'ar da ake talla kuwa, da tana cikin dutsen, da mahaƙin Ilakaka da na Mambila da suka fara riƙe shi a hannu sun riga kowa arziki.

Mu kwana nan. Allah ya kai mu wani jiƙon.