Yadda Aka Gano Asalin Cutar Rett

A cikin shekara ta 1966 wani likitan yara a birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya, ana ce da shi Andreas Rett, ya rubuta labarin wata cuta da ya gani a jikin 'yan mata ƙanana. Akan haifi yarinya lafiya lau. Sai ta kai tsakanin wata 6 da wata 18, sa'an nan 'yar maganar da ta fara ta ɗauke, hannuwanta su daina riƙe abu, ta dinga murza su kamar mai wanki. Da yake da Jamusanci ya yi rubutun, likitocin duniya ba su kula ba, sai a 1983, da Bengt Hagberg na ƙasar Suwidin da abokan aikinsa suka bayyana labarin yara 35 da Turanci.

To, kafin mu ci gaba, sai mu san wani abu. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. A cikin kowace akwai littafin gado, mai babi wajen 20,000, kowane babi shi ake kira ƙwayar gado. Littafin iri ɗaya ne a ƙwayar hanta da ta ƙwaƙwalwa, amma kowace da babin da take karantawa, gama jiki yakan ɗora wa waɗansu wurare alama, watau a rufe nan, a buɗe can.

A 1992 Adrian Bird da mutanensa a Jami'ar Edinbara suka gano wani sinadari wanda aikinsa ke nan, ya bi alamun nan ya zauna a kansu, ya daidaita karatun. Ƙwayar gadon da ke yin sa sunanta MECP2. Ba wanda ya zaci tana da dangantaka da cutar Rett.

Can a Amurka kuwa, wata likita haifaffiyar Labanan, Huda Zoghbi, ta yi shekara 16 tana neman asalin cutar. A 1999 ita da masu taimakonta suka tabbatar kuskure ne a cikin MECP2. Galibi kuskuren yakan auku da kansa ne, ba daga jinin uwa ko uba ba, saboda haka babu wanda za a ɗora wa laifi.

Babban abin mamaki ya zo a 2007. Bird ya sami ɓeraye da aka rufe musu wannan ƙwayar gado har cuta ta kama su, ya sāke buɗe ta, sai galibin alamun cutar suka gushe. Ashe ƙwaƙwalwar ba mutuwa ta yi ba, mai daidaita mata karatu ta rasa.

Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da mutane sarai ba, ko da yake a 2023 Amurka ta amince da wani mai sassauta wahalar. Amma iyayen da dā ake ce musu babu makawa, yanzu sun san inda ciwon yake, masana kuwa sun san wurin da za su gyara.