Kason Marubuci a Tarihin Buga Littattafan Hausa

Kafin zuwan injin buga littafi, malamin da ya tsara waƙa ko ya wallafa littafi a ƙasar Hausa ba ya sa ran kuɗi daga gare shi. Mai kwafa da hannu shi ake biya ladan aikinsa. Mawallafi kuwa sai addu'a da suna. Maganar kason marubuci, watau abin da ake ware masa daga kuɗin kowane littafi da aka sayar, baƙuwa ce, da ɗab'i ta zo.

Cikin 1933 ne Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar da ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu malamai a Katsina. Cikin 1936 aka ɗauko Imam zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce. Marubutan nan ma'aikata ne masu albashi, babban mai sayen littattafansu kuwa hukuma ce, don makarantu. Haka aka bi har Gaskiya Corporation ta 1945, da NORLA, sa'an nan NNPC, wadda aka kafa cikin 1966 tare da kamfanin Macmillan na Ingila. Al'adar irin waɗannan kamfanoni ita ce su ɗauki dukan nauyin bugu da rarrabawa, su ba marubuci abin da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, ko kusa da haka.

Kason ƙarami ne, amma fa a duba abin da ake ɗaukarsa daga ciki. Littafin da ya shiga manhaja yakan kai har makarantar ƙauye irin ta Ƙofa a ƙasar Kusada ba tare da marubuci ya taka ƙafarsa can ba, ana kuma sake buga shi shekara da shekaru. A ganina wannan shi ne abin da masu raina kashi goma suke mantawa.

Da tattalin arziki ya karye, aka rage darajar naira cikin 1986, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka janye daga ƙagaggun labarai. Sai marubuta suka shiga buga nasu da kansu a Kano, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da ƙungiyar Raina Kama. A nan riba duka ta marubuci ce, asara ma tasa ce. Shi zai biya maɗaba'a, ya kai wa masu shago littattafai bashi, ya yi ta sintirin karɓar kuɗinsa. Wanda ba shi da jari sai ya yi tarayya da ɗan kasuwa, wannan ya kawo rubutu, wancan ya kawo kuɗin takarda. Irin wannan haɗin gwiwa ba shi da ƙayyadadden kaso, sai yadda ciniki ya faɗa, sau da yawa ma ba a rubuce ba. Wani lokaci kuwa ɗan kasuwa ya saye rubutun ɗungurungum, ya sallami mai shi sau ɗaya.

Intanet ta ɗaga kason sama. Amazon na ba mai buga nasa kashi 35 ko 70, gwargwadon farashin littafin. OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu a kai, kashi 70 ta riƙa bayarwa. An rufe ta cikin 2023.