Icce na wa ne? Tarihin gao, masana da ƙungiyoyinsu

Kakana yana da gona a gefen dallol, gabas kaɗan da garinmu cikin ƙasar Kiyeshe, kuma cikinta akwai gao guda bakwai. Tun ina yaro yake ba mu labarin ranar da ya sare reshe ɗaya don bisashensa su samu ganye, sai wani ma'aikaci mai kaki ya iske shi, ya karɓe gatarin, ya ci shi tara. Kullum in ya kai nan sai ya ce: "Gona tau ce, hatsi nau ne, amma icce wai ba nau ba ne. To mi zai sa in bar shi shi girma?" Daga ranar nan, duk tsiron da ya ɗago kai cikin gonar, adda ce rabonsa tun bai kai gwiwa ba.

Ni ilimin harsuna nake karantawa a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ban san komai ga aunin ruwan sama ba. Amma maganar tsohon ta tsaya mini a rai, ta sa na shiga bin tarihin yadda itatuwa sunka ɓace daga gonakinmu, da yadda sunka dawo. Abin da na tarar shi ne labari ne na manoma, na masana, da na cibiyoyi da ƙungiyoyin da masanan sunka jingina gare su.

Kare gao tsohon abu ne a ƙasarmu. Ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya hana sare shi da hukunci mai tsanani. Manomi ya san dalili: gao yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi inuwa, ɗiyansa su ciyar da awaki. Sai dai a ranar 4 ga Yuli 1935 Faransa ta fitar da dokar daji ta ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, wadda ta sa daji da wasu itatuwa hannun hukuma. Bayan samun ƴancin kai, dokar daji ta 1974 ta bi sawunta, ta jera itatuwan da ba a taɓawa sai da izini, gao yana ciki. Niyyar ita ce a kare icce. Abin da ya faru a gona kuwa shi ne abin da kakana ya yi: icce ya zama abin jawo tara, kowa na rabuwa da shi tun yana ƙarami. A lokaci guda malaman gona na koya wa mutane cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share ƙal.

Sannan fari ya zo. Na farkon shekarun 1970 ya kashe bisashe ba adadi, ya kuma nuna cewa babu ƙasar Sahel da ke iya auna wannan bala'i ita kaɗai. A watan Satumba 1973 anka kafa CILSS a Wagadugu, kwamitin ƙasashen Sahel na yaƙi da fari. A 1974 anka buɗe cibiyarsa ta AGRHYMET nan Yamai, inda ake horar da masu aunin ruwan sama, da na koguna, da masu bin lafiyar shuka. A 1975 Nijar ta kafa INRAN don binciken noma. Daga baya ICRISAT ta zauna a Sadore, kudu da Yamai. Amfanin waɗannan wurare a fili yake. Mai karatun yanayi shi kaɗai, da ma'aunin ruwa guda a Dutsi, ba ya iya cewa komai game da damina. In an haɗa nasa da na Gaya, da na Tawa, da na Mali da Cadi, an ajiye shekara da shekaru bisa tsari ɗaya, a nan ne magana ke fitowa. Tun 1998 ma masana yanayi na yankin ke taruwa kowace shekara kafin damina, tare da cibiyar ACMAD, su fitar da hasashe guda wanda muke ji a rediyo.

Amma kada mu yi wa tarihi kwalliya. Maganin da masana sunka fi yarda da shi a wancan lokaci shi ne dashe: a raini bedi da turare cikin leda, a kai ƙauye, a dasa, a kewaye da waya. Wani wuri abin ya yi, kamar jerin itatuwan tare iska na kwarin Majiya da anka fara a 1975. Wurare da yawa kuwa dashen ya mutu, don babu mai ba shi ruwa, kuma babu wanda ya ɗauke shi nasa. A watan Mayu 1984, zamanin Seyni Kunce, anka yi babban taron ƙasa a Maradi kan hamada, kuma cikin abin da ya fito daga taron akwai yarda cewa aikin ba ya yiwuwa in ba a sa talakawa ciki ba. A shekarar ne kuma yunwar da tsofaffinmu ke kira El-Buhari ta faɗo, sunan da ta samu saboda rufe iyakar Najeriya.

Cikin wannan hali wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maradi, ya lura a 1983 da abin da ke gaban kowa: ƙananan sabara da kalgo da ake sassabewa kowace shekara toho ne na kututture masu rai, saiwarsu na nan ƙasa da ƙarfinta. In an zaɓi rassa kaɗan an bari, an datse saura, cikin shekara biyu ko uku sai ga icce. Lokacin yunwa anka haɗa dabarar da rabon abinci. Da rabon ya ƙare, mutane da yawa sunka sare abin da sunka bari, wasu kuma sunka riƙe, maƙwabta sunka ga itacen wuta da harawa da gonar da iska ba ta binne shuka, sunka kwaikwaya. A wasu sassan Damagaram ma manoma da kansu sunka koma ga barin gao, ba tare da wani furoje ba.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki: kusan shekara ashirin wannan abu na yaɗuwa, rahotanni na ta cewa Nijar na rasa itatuwa. Masu ƙidaya suna ƙirga gandun daji da abin da anka dasa, icce cikin gona ba ya shiga lissafinsu. Sai wajen 2004 zuwa 2006 da masana na gida da na waje sunka haɗa ƙarfi. Mahamane Larwanou, ɗan Nijar masanin itatuwa, da abokan aikinsa na jami'armu sunka bi ƙauyuka suna tambaya suna ƙirgawa. Chris Reij daga Holan ya kawo abin da ya gani a Burkina. Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya gwama hotunan da anka ɗauka daga sama a 1975 da na 2005. Ƙiyasin da sunka buga a 2009 ya ce hekta kusan miliyan 5 sun sake yin itatuwa, kimanin icce miliyan 200. Babu ɗayansu da zai iya nuna haka shi ɗaya. Mai hoto ba ya sanin wa ya bar iccen, mai yawon ƙauyuka ba ya ganin faɗin ƙasar. Larwanou daga baya ya yi aiki da African Forest Forum a Nairobi, ƙungiyar da ke haɗa masana daji na Afirka tun 2007, kuma irin waɗannan dandali ne sunka kai labarin Maradi da Damagaram kunnen wasu ƙasashe.

Ita ma doka ta bi baya a hankali: ƙa'idojin Code Rural a 1993, sabuwar dokar daji a 2004, sannan dokar gwamnati ta 30 ga Yuli 2020 da ta tsara wannan aiki, ta amince da haƙƙin manomi bisa iccen da ya raina. Shekara 85 ke nan tsakaninta da dokar 1935. Kakana bai kai ga jin ta ba.

To ina ruwan ɗalibin harshe? A takardun hukuma ana kiran dabarar RNA, haruffa uku na Faransanci da ba su ce wa uwata komai. Manoman Maradi sun ce mata sassaben zamani. Ku duba hikimar sunan: bai ce wa manomi ya daina sassabe ba, ya ce masa aikin da ya gada ne, an gyara shi. Ina ganin sunan ya yi aikin da tarurruka goma ba su yi ba. Masana ma sun daɗe da sanin suna bukatar bakinmu. Likita Dalziel ya buga kundin sunayen tsirrai na Hausa tun 1916, Peyre de Fabrègues ya tattara na harsunan Nijar a shekarun 1970. Yau RECA, haɗakar majalisun manoma, tana aika bayanin noma da murya cikin Hausa da Zabarmanci ta WhatsApp. Duk da haka, wane ne ya zauna ya rubuta yadda Arawa ke rarrabe ƙasar dallol da ta tudu da ta fako, ko sunayen iskokin farkon damina, ko abin da tsohuwa ke nufi in ta ce gawasa ta yi ƙarya bana?

A hutun da ya wuce na koma gonar nan. Kawuna ne ke nomanta yanzu. Na ƙirga gao goma sha tara, ban da kalgo da sabara da ya ɗaure wa tsumma don masu kiwo su san da mai su. Na tambaye shi wane furoje ya koya masa, ya yi dariya ya ce: "Wajen wani ɗan Tibiri na gani, ɗana." Damuwarsa yanzu masu zuwa da dare su sare su kai kasuwar Dutsi.

Ƴan uwa, masu zuwa gida hutun nan, ku tafi da littafi da biro. Ku zauna da tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya, ku rubuta sunan kowane icce da ya sani, da inda yake fita, da amfaninsa, da wanda ya ɓace. In mun dawo mu haɗa, mu kai wa ƴan sashen aikin gona su sa mana sunayen kimiyya a gefe. Ni na fara da kawuna, na samu suna talatin da huɗu, uku daga ciki bai ƙara ganin iccensu ba tun yana saurayi.