Dandalin da Alƙalamin Barth Bai Kama Ba

A watan Fabrairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya hau Dutsen Dala da littafin zanensa, ya zana Kano daga sama. Da za a buga littafin tafiyarsa a 1857, sai aka miƙa zanen ga Johann Martin Bernatz, mai zanen da bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, ya gyara shi ya zama hoton bugawa. Hannu biyu ke nan tsakaninmu da Kanon wancan zamani, kuma dukansu na baƙi.

Abin lura shi ne inda mai zanen ya tsaya. Daga kan Dala ana hango soraye da itatuwan dabino, amma ba a ganin wanda ya ci wani a dara. Kwatanta shi da Georges Seurat na Faransa, wanda daga 1884 ya riƙa zarya zuwa wani tsibiri a kogin Seine, yana zana masu shan iska, har da karnukansu. Shi a cikin mutanen ya zauna, kuma hutunsu na rana ne.

Namu kuwa na dare ne. A garuruwa irin su Turawa ta ƙasar Karaye, sai an ci tuwo, farin wata ya fito, sannan dandali yake cika: 'yan mata sun yi da'ira suna gaɗa, samari na langa, mai rake ya kafa acibalbal a gefe. Fensir ba ya aiki da hasken acibalbal, balle baƙon da tun magariba ya shige masauki.

Saboda haka, a ganina, littafin zanen wannan yanki a bakin wata tsohuwa yake. Baba ta Karo, wadda ta tashi a wajen Zarewa cikin ƙasar Rogo ta yau, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. A ciki akwai rawar 'yan mata ranar kasuwa, da makaɗa, da ƙawance, da tsarance. Sai dai ita ma da Hausa ta faɗa, aka buga da Turanci, kuma tsohuwa ce mai tuna ƙuruciya, wadda dole wani abin ta ƙawata, wani ta haɗiye.