BABI NA BIYU: TARIHIN AMFANI DA TANTANI WAJEN TACE RUWAN GISHIRI

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin yadda aka fara amfani da tantani wajen raba ruwa da gishiri. Manufar ita ce a nuna cewa babbar matsalar wannan fasaha tun fil azal ita ce yawan makamashin da take ci, domin shi ne ya jinkirta yaɗuwarta na tsawon shekaru.

2.1 Asali

A shekarar 1748 ne wani malamin coci ɗan ƙasar Faransa, Jean-Antoine Nollet, ya rufe bakin kwalbar barasa da mafitsarar alade, ya tsoma ta cikin ruwa. Sai ya ga ruwan yana ratsa mafitsarar yana shiga kwalbar har ta kumbura. Wannan ɗabi'a ita ake kira osmosis, wato ruwa ya ratsa tantani daga ɓangaren da ba shi da gauraye zuwa ɓangaren da ya fi gauraye. Daga baya masana suka fahimci cewa idan aka matsa ruwan gishiri da ƙarfin da ya zarce wannan ja, ruwan zai koma baya ya bar gishirin. Sai dai an shafe kusan shekara 200 wannan ilimi bai bar ɗakin gwaje-gwaje ba.

2.2 Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Famfo

A 1952 gwamnatin Amurka ta kafa dokar tallafa wa binciken tace ruwan gishiri. A 1959 Reid da Breton na Jami'ar Florida suka nuna cewa tantanin selulos asitet yana tare gishiri, amma ruwan da ke wucewa ɗigo ne kawai. Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis su ne suka warware wannan a 1960, da suka ƙera tantani mai siririyar fata a sama da ramuka a ƙasa. A 1965 garin Coalinga ya fara shan ruwan da aka tace ta wannan hanya. A ƙarshen shekarun 1970 kuma John Cadotte ya fito da tantanin foliyamid, wanda shi ne aka fi amfani da shi a yau. A 1978 aka buɗe babbar matatar ruwan teku ta wannan hanya a Jidda. A yau matatun Shu'aiba ne ke bai wa Makka ruwan da alhazai ke amfani da shi.

2.3 Batun Makamashi

Kowace litar ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, don haka sai da matsi mai tsanani ake tura ta cikin tantani. A shekarun 1970 tace lita 1,000 kan ci kusan kilowat-awa 20 na lantarki. Ingancin tantani da na'urorin da ke maido da matsin ruwan da aka zubar sun sauko da wannan zuwa tsakanin 3 da 4. A 2006 birnin Perth na Ostireliya ya buɗe matatar da a lokacin take sayen lantarkinta daga injinan iska. Haka kuma Loeb ya ba da shawarar samar da lantarki daga haɗuwar ruwan kogi da na teku. Kamfanin Statkraft ya gwada haka a Tofte ta ƙasar Norwe a 2009, amma ya dakatar da aikin a ƙarshen 2013 saboda tsada.

2.4 Naɗewa

Bisa ga abin da ya gabata, an ga cewa raguwar kuɗin makamashi ce ta mayar da tantani abin amfanin jama'a. Matsalar da ta rage ita ce ta ruwa mai tsananin gishiri da ake mayarwa teku, kuma ita babi na uku zai duba.